Kwana Uku Babu Wuta a Murhuna

Ɗakin da ke kusa da zaure na ɗana ne. Da ya tafi Jado haƙar zinariya sai ɗakin ya zauna a kulle, ni kuwa ba na son ganin ƙofa a kulle cikin gida. Ubansa ya daɗe da rasuwa, ƴaƴana mata suna gidajen mazansu, ni kaɗai nake kwana nake tashi, in dama kokon sayarwa da safe, da yamma in tafi ajin yaƙi da jahilci. Da furfura a kaina na koyi riƙe alƙalami, saboda haka ba ni da lokacin yi wa magana ado.

Maƙwabciyata mai shara a asibitin haihuwa ita ta kawo mini zancen. Ta ce akwai wata baƙuwa da proje, aikin ƙungiyar agaji, ya kawo Agadas don ta koya wa ungozomomi aiki, an ba ta gida a bayan gari ta ƙi, wai ba kowa a ciki sai mai gadi da kare. Gidan mutane take nema. Na ce a kawo ta in gani.

Ta zo, fara, siririya, da dogon hanci da gyale a kafaɗa. Ta yi shekaru tana aiki a Tawa, Hausarta ta isa ciniki da gaisuwa da ɗan faɗa. Ƴan unguwa suka yi ta gardama, wasu su ce Balarabiya ce, wasu su ce Ba'indiya, daga baya suka tsaya a kan Ba'indiya. Na ba ta ɗakin ɗana, ita kuma tun ranar farko ta kira ni Inna.

Wata yamma ina wanke gero ta zauna a kan turmi ta ce, "Inna, ni fa ba Ba'indiya ba ce. Ƙasarmu Pakistan, can sama cikin duwatsu, wani kwari da ake kira Hunza. Mu Burusho ne."

"Buru me?"

"Burusho."

"To, Allah ya kyauta. Ba'indiya ta fi sauƙi a baki."

Ta yi dariya. Ta ce harshensu ba shi da dangi a duniya, ko mutanen kwarin da ke maƙwabtaka da su ba sa jin sa, masu bincike sun yi ta zuwa suna nema masa ɗan'uwa ba su samu ba. Na ce maraya ke nan. Ta ce maraya, amma a ƙoshe yake. Na tambaye ta daga ina suka fito har suka maƙale a saman dutse. Ta ce tsofaffinsu na cewa sojojin Zulƙarnaini ne suka gaji da tafiya, suka ga ruwa, suka zauna.

"Kin yarda?"

"A'a. Kowa so yake a ce kakansa a kan doki ya zo. Ni ina ganin tare da duwatsun muka tashi."

Na ce mu ma nan an ce sarkinmu na farko daga Santambul aka aiko shi, kuma duk wanda kika tare a kasuwar garin nan daga nesa kakansa ya zo, ba wanda ya yarda a nan ya tsiro.

Haka muka zauna. Ta nuna mini hoton uwarta a portabul, wayar hannu, tsohuwa da ƴar hula mai ado a ƙarƙashin mayafi, na ce uwarki da hula kamar namiji? Ta ce duk tsofaffin matansu haka suke. Ta ce ruwansu ƙanƙarar dutse ce ke narkewa, kakanni suka sassaƙa masa hanya a jikin dutse, kowace zuriya da ranar da take jan ruwa zuwa gonarta, wanda ya karkatar da ruwa ba ranarsa ba sai an zauna da shi. Da ta je Dabaga ta ga lambuna, ta dawo tana cewa kamar gida, sai dai a can ruwan daga sama yake saukowa, a nan kuma sai an jawo shi daga ƙasa. Tana da wani buhu na busasshen ɗan itace da Faransawa ke kira abiriko, uwarta ta shanya a kan soro ta aiko mata, kamar dabino amma da tsami. Shayinta da gishiri take sha. Ranar da ta ba ni na kurɓa na tofar a gabanta, na ce a garin da Buzaye ke dafa shayi wannan cin mutunci ne.

Ɗana ya zo ganin gida sau ɗaya tana nan. Ya kwana a zaure. Yana kiranta tanti, wato gwaggo, yana tsokanarta wai ta ƙwace masa ɗaki, in ya haƙo babban dutse zai saya mata ƙanƙara cike da kamiyo, babbar motar kaya, don ta daina kewar gida. Ita kuma ta duba masa wani tari da yake yi, ta yi masa faɗa a kan ƙurar rijiyar haƙar zinariya. Ya koma.

Wata safiya aka kira ni a portabul. Ina bakin ƙofa da ludayi a hannu. Abokinsa ne, muryarsa na yankewa. Ya ce rijiya ta rufta, mutum uku ne a ciki har da ɗana, an fito da su, an yi musu sutura a can. Na ce to. Ya ce Inna, kin ji ni? Na ce na ji. Na ajiye portabul a kan faifai, na zuba wa matar da ke tsaye kokonta, na zuba wa na bayanta. Sai da tukunyar ta ƙare na shiga na gaya wa maƙwabciyata. Ita ta yi kukan.

Kafin hantsi gida ya cika. An shimfiɗa wa maza tabarmi a waje, mata suka cika tsakar gida. Aka zaunar da ni a ƙofar ɗakina aka lulluɓe ni. Kowa ya zo ya durƙusa ya ce ya haƙuri, in ce da godiya. Bakina na amsawa, ni ina kallon ƙafafunsu. Na lura da wadda ta sa lalle, na lura da wadda silifas ɗinta ya tsinke.

Yayar mijina ta iso ta karɓi gidan. Hajiya ce, mu duka Yaya muke ce mata. Gidan da nake ciki na ubansu ne, ba a taɓa raba shi ba, tana da rabonta a ciki kuma ba ta taɓa bari na manta ba. Mace ce mai iya taro, wannan ba zan hana ta ba. Ta ce baƙi za su zo daga Ingal da Dabaga, ba za a jira kwanukan maƙwabta ba. Ta sa aka fasa itace, aka ɗora babbar tukunya a murhuna, wata a kan duwatsu a gefe. Hayaƙi ya tashi, ana daka, ana yankan albasa, wasu biyu a bayana suna magana ƙasa-ƙasa a kan tsadar mai. Da wani ya leƙo ta kan katanga sai ya ce suna ake.

Baƙuwata tana asibiti tun asuba, sai azahar labari ya same ta. Ta shigo da farar rigar aiki a jikinta. Ta zo ta durƙusa, ta kama hannuna ta sumbace shi ta ɗora a goshinta, haka suke yi wa manya a wurinsu. Idanunta sun yi ja. Ba ta ce ya haƙuri ba, ina jin kalmar ta ɓace mata.

Sai ta juya ta ga murhu.

Ta miƙe. Ta nufi randa ta cika bokiti. Ba wanda ya kula, an ɗauka alwala za ta yi. Ta je ta zare itacen daga ƙarƙashin babbar tukunya ɗaya bayan ɗaya, ta sheƙa wa garwashin ruwa. Ya yi ƙara, tururi da toka suka tashi suka rufe matar da ke juya shinkafa. Ta wuce ta kashe ta biyun da sauran ruwan. Masu daka suka tsaya da taɓarya a sama.

Yaya ce ta fara samun baki. "La'ilaha illallahu! Ke! Hauka kike? Wa ya aike ki?"

"Hajiya, ba a hura wuta," in ji ta, bokitin na hannunta. "Gidan rasuwa ne."

"Mu za ki gaya wa gidan rasuwa ne?"

Wata tsohuwa daga dangin mijina ta ce ita tunda take ba ta taɓa ganin an zuba wa murhun mutum ruwa da rana tsaka ba sai in ana so gidan ya mutu ƙurmus. Wata ta ce dama ita tun farko ba ta yarda da matar ba, ba a san irin sallarta ba. Wata ta ce a ɗakin yaron fa take kwana, Allah kaɗai ya san abin da ta binne a ciki. Magana ta kama kamar busasshiyar ciyawa.

Baƙuwata ta yi ta bayani, Hausarta na tarwatsewa. Ta ce a wurinsu in an yi mutuwa a gida, murhun gidan ba ya ganin wuta kwana uku. Dangi da maƙwabta su ke dafawa a gidajensu su kawo. In aka ga hayaƙi a gidan mamaci, to an nuna wa duniya mutanen gidan ba su da kowa, abin kunya ne ga unguwa duka. Ta ce ta ɗauka ruɗewa ce ta sa aka hura. A Tawa bayan katangar proje ta zauna, ba ta taɓa shiga gidan makoki ranar farko ba. "Ni zan dafa," ta ce. "A gidan maƙwabta. Inna tana da mutane."

"Tana da mutane, ga mu," in ji Yaya. Ta juyo gare ni. "Ke kuma kin zauna kin zuba ido. To ki ji. Ko matar nan ta kwashe kayanta ta bar gidan nan kafin magariba, ko in ɗauke makokin ɗan ƙanena in kai gidana. Ba zan zauna inda ake yi mana tsafi a gaban ido ba. Zaɓi."

Duk suna kallona. Ni murhun nake kallo. Tun da aka kawo ni gidan nan amarya ban taɓa ganin sa a mace ba, kullum da garwashi a ƙarƙashin toka, ko ranar da aka fita da gawar mijina. Yanzu ga shi baƙi, jiƙe, ruwan toka na gangarowa zuwa magudana. Hayaƙi ya ɗauke, dakan ya tsaya. Tun safe ake cewa ɗana ya mutu, ban ga gawa ba, ban ga makara ba, ban ga komai ba sai tukwane. Wannan ne abu na farko a gidan da ya yi kama da abin da aka gaya mini. Ban ji sanyi a raina ba, ban ji godiya ba. Na dai ga ya yi daidai.

Na ce, "A bar shi a kashe."

"Me kika ce?"

"Na ce a bar shi. Ita kuma ba inda za ta."

"Ɗan ƙanena ne fa."

"Ni na haife shi."

"Gidan ubana ne!"

"To ɗauki rabonki ki ɗora a ka ki tafi da shi."

Bakina ne ya faɗa. Ya saba, ba ya jiran izinina. Yaya ta ɗaura mayafinta, ta ce a naɗe tabarmi. Aka naɗe. Aka sauke tukwanen da ɗanyar shinkafa a ciki, mata biyu-biyu suka kama suka fita da su. Maza a waje suka tashi ba su san dalili ba, suka bi. Ƴaƴana mata suka tsaya suna kuka, suna kallona suna kallon ƙofa. Na ce su bi gwaggonsu, suna da gidajen miji da za su koma, kada su jawo wa kansu magana. Suka tafi. Kafin la'asar daga ni sai maƙwabciyata mai shara sai baƙuwar, sai ɓawon albasa a ƙasa.

Ta shiga ɗaki ta fito da butalin gaz ɗinta na girki a kafaɗa, ta kai gidan maƙwabciyata, don ko shi ba za ta kunna a gidan ba. Can ta dafa. Ta kawo mini wata miya ta busasshen abirikon nan da ƴan ƙulli-ƙullin fulawa a ciki, ta ce ita ake ba marasa lafiya da masu baƙin ciki a wurinsu. Na ci. Da ta ba ni tsumma a kwano ma da na tauna.

Washegari mutane suka riƙa leƙowa ɗaya-ɗaya. Su yi mini gaisuwa a tsaye, su saci kallon murhu, su wuce gidan Yaya inda ake zaman. Limamin unguwa ya zo ya tsaya a zaure. Ya ce ya ji abin da ya faru, shi bai ga tsafi a ciki ba, asali ma maƙwabta ya kamata su ciyar da gidan rasuwa. Amma ya ce zumunci ya fi murhu, in tashi in je in ba Hajiya haƙuri. Na ce Allah ya gafarta malam, na ji. Ban tashi ba. Ba taurin kai ba ne a ranar, ƙafafuna ne ba su ga dalilin tafiya ba.

Gida babu wuta wani iri ne. Babu ƙamshi, babu abin da za ka tashi ka duba. Kaji suka hau murhun suna tono. Na zauna ina kallon inuwar katanga tana tafiya. Baƙuwar ba ta je aiki ba, ta zauna kusa da ni tana ɓare ƙwallayen abiriko da dutse, tana tara ƴaƴan ciki a gefen gyalenta. Ta ce a wurinsu rana ta uku malaminsu kan murza auduga ya yi lagwani, ya kunna fitila, zuriya duka ta taru ana salati, daga nan wuta ta dawo gidan.

Na ce, "Kada ki ƙara mini fitila. Wannan ma da kika yi ta ishe ni."

"Ba zan yi ba, Inna. Ni ba malam ba ce."

"Madalla."

Ta ce lokacin da kakanta ya rasu tana yarinya, sanyi ake har ruwa na daskarewa a kwano, suka kwana uku a lulluɓe da barguna ba wuta, matan zuriyarsu na shigowa da burodi mai zafi a cikin riga, ita kuma ta riƙa rungumar burodin kafin ta ci. Na ce a nan ko ba wuta rana za ta dafa mutum. 

An yi sadakar uku a gidan Yaya. Ban je ba, ba a kuma aiko kirana ba. Maƙwabciyata ta je ta dawo, kuma ita ba ta iya riƙe magana. A gaban baƙuwar ta zazzage komai: an yi addu'a, an raba gumba, mutanen Ingal sun tambayi ina uwar yaron, Yaya ta ce Ba'indiya ta shanye ta. Na ga fuskar baƙuwar ta canza. Sai a lokacin ta gane cewa an yi wa ɗana addu'a ba ni a wurin, kuma bokitinta ne ya jawo. Ta tashi ta shiga ɗaki, na ji tana jan jakunkuna.

Da gari ya waye na ɗauki kasko na je maƙwabta ɗebo wuta, kwana ukun sun cika. Ina dawowa na tarar da motar proje a ƙofa, direba na ɗora jaka, ita tana tsaye a zaure da buhun abirikonta.

"Ina zuwa?"

"Gidan bayan gari, Inna. In na tafi Hajiya za ta huce. Na raba ki da danginki."

"Dangina da ƙafafunsu suka fita. Ke kika ɗauke su?"

"Ni na zuba ruwan."

"Ni na ce a bar shi. Kin ji na ce ki tafi? An tambaye ni a gaban mutane na ba da amsa, yanzu ke za ki mayar da ni maƙaryaciya?"

Direban ya tsaya da jaka a hannu. "Madam, a ɗora ko a sauke?"

"Da ni za ka yi magana, ɗan nan," na ce. "Sauke. Kuma ka janye motarka, ka tare mini ƙofa."

Ya dube ta. Ta dube ni, ta dubi kaskon da ke hannuna yana hayaƙi. Ta ce masa ya sauke.

Yaya ba ta huce ba. Bayan sadakar arba'in ta tara ƴan'uwanta ta ce a raba gidan ubansu. Hakkinta ne, ban yi gardama ba. Aka zo da igiya aka auna. Rabonta ya faɗa ɓangaren zaure, har da ɗakin ɗana. Magina suka kwaɓa ƙasa a tsakar gidana suka ja katanga, aka fasa mini wata ƴar ƙofa ta lungu. Na fito da akwatinsa da takalmansa na tura ƙarƙashin gadona. Ina tsaye ana ɗora tubali har ƙofar ɗakin ta ɓace, ina jira in ji wani abu, ban ji ba.

Baƙuwar ta dawo ɗakina da katifarta, ta shimfiɗa a ƙasa kusa da gadona. Nan ta zauna har aikinta ya ƙare ta koma duwatsunsu. Tana minshari, ban taɓa gaya mata ba.